Kafin A Sauke Injin Tsohon Babur

Akwai maganar da duk mai tsohon babur ke fargabar ji daga bakin bakanike. Zai taka kik sau biyu, ya murɗa totur, ya kanga kunne jikin bulok, sannan ya miƙe yana goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, sai dai a sauke inji." Nan take 'yan zaman gareji za su fara ba da fatawa. Wannan ya ce a gyara, wancan ya ce a kai wa 'yan gwangwan a huta.

Shekaru goma baya, masu cewa a rabu da shi suna da hujja. Zamanin da Jincheng da sauran baburan Sin suka cika kasuwa, Bajaj Boxer na Indiya ya biyo sahu, ɗan acaɓa kan mori babur shekara ɗaya ko biyu, ya sayar, ya yi ciko ya ɓare sabo a kwali. Yanzu labari ya sha bamban. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Babur kuwa, ko a cikin ƙasa aka harhaɗa shi, da dala ake shigo da sassansa. A shekarar ce sabon Boxer ya tsallake naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli naira 70,000 ne. Sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai kuɗin.

Wanda kuma ya sayar da nasa mai ciwon inji don ya sayi wani na hannu, tsugune ba ta ƙare ba. Nasa dai ya san inda ciwon yake. Na kasuwa an wanke shi, an ɗura masa baƙin mai mai kauri don ƙarar ta kwanta, sai an yi sati biyu asirin zai tonu.

Saboda haka a yau gyara ne ke da rinjaye. Sai dai mutane kan fara duba abin da ya kamata su bari sai ƙarshe. Injin ƙaramin babur mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya shi, yana cikin injuna mafi sauƙin gyara. Kusan babu abin da ba a canzawa a cikinsa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ƙashin babur, wato firem. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, baburan haya da dama suka koma ƙauyuka, inda ake ɗora musu buhun masara biyu da mutum a bisa, a bi da su hanyar burji ranar kasuwa. Irin wannan aiki yana tsaga ƙarfe a wuyan babur da ƙarƙashin kujera. Firem ɗin da ya sha walda sau biyu ko uku, ko wanda ya karkace har tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, ko sabon inji aka ɗaura masa haɗarin yana nan. Wannan babur ya gama aikinsa, kuma kuɗin asibitin ƙashi ya fi kuɗin kowane fistan.

In firem lafiya lau yake, sai a koma kan injin, a kuma tambaya ko da gaske ne sai an sauke shi. Hayaƙin salansa ba ya ƙarya. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya rinjayi iska, laifin kafireta ne ko matatar iska da ƙura ta toshe, aikin da ba ya kai awa ɗaya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ga fulogi kullum jiƙe da maiƙo, ga baƙin mai yana raguwa, alamar ringi ya cinye ne ko robar bawul ta saki. A nan kan inji kawai ake buɗewa. (Masu tsofaffin Suzuki da Yamaha waɗanda ke ƙona mai tare da fetur su kwantar da hankali, nasu hayaƙin halitta ne.) Ƙaramar ƙara kas-kas daga sama yawanci tafet ne ko sarƙar taimin. Wadda ke sa a raba inji gida biyu ita ce bugawa mai nauyi daga ƙasa, kamar ana dukan turmi, wato boris ɗin konrod ya tafi. Bakaniken da ya yanke hukunci bai ciro fulogi ya duba ba, bai zuƙe man ya ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki ba, a gode masa, a tura babur zuwa rumfa ta gaba.

Babban abin da ke cinye kuɗin masu babur shi ne gyaran gangar Auzinawa. Yau a sa ringi sabo a cikin bulok ɗin da ya riga ya buɗe, bayan wata ɗaya hayaƙi ya dawo. A sake buɗewa a sa fistan, a bar tsohuwar sarƙar taimin, ita ma ta tsinke ta lanƙwasa bawul. Kowace buɗewa da kuɗin aikinta da sabon gasket da litar mai, ga ranakun da babur ke kwance ba ya kawo ko sisi. Idan an buɗe, a yi sau ɗaya: a auna bulok, in ya buɗe a kai a rarake shi a sa fistan mai girman da ya dace, in an riga an rarake shi har iyaka a sayi sabo. Wanda kuɗinsa bai cika ba, gara ya jingine babur a zaure wata guda ya tara, da ya yi rabin aiki.

Sai batun kaya. Daga Nnewi ta jihar Anambra, cibiyar cinikin kayan babur a Nijeriya, har zuwa ɗan shagon da ke bakin tasha, fistan iri ɗaya yana zuwa aji-aji, kwalinsu kusan ɗaya, kwanansu kuwa ba ɗaya ba. Mai babur ya bi bakanike kasuwa da ƙafarsa, ya riƙe tsohon a hannu don gwadawa, ya kuma karɓi duk abin da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma bakaniken kirki ba ya jin haushi. Wanda ya zaɓi ya ɗauko inji sukutum na gwanjo daga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, lallai ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, domin a wannan zamani na satar babura, lambar da ta saɓa wa takarda tana iya kai mutum kwana a caji ofis.

Akwai kuma baburan da lissafi bai shafe su ba. Tsohuwar Vespa da uba ya bari, wadda kayanta sai an yi cigiya gari-gari, ba don riba ake gyaranta ba, kuma babu mai ikon hana magaji kashe kuɗinsa a kanta. Ɗan acaɓan da ke ciyar da gida dai kada ya yi koyi da shi.

Da yawa daga injunan da aka gyara da kyau a satin farko suke mutuwa. Sabon fistan yana bukatar a lallaɓa shi, babu gudu babu lodi, a zubar da man farko bayan kimanin kilomita 500, a riƙa wanke matatar iska duk sati in hunturu ya kama, a kuma yi hattara da fetur ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Amma ranar da aka fito daga gareji ita ce ranar da maƙwabci ke zuwa aron babur zai kai buhun taki gona, kuma a unguwa da wuya a ce masa a'a.