Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Dashen Itatuwa

A watan Nuwamba 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa shekarar 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzukanta da ƙasarta ke shanyewa ba. Cikin watan kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi.

Kamfanoni sun bi hanya biyu. Wasu sun taɓa aikinsu da gaske, kamar masana'antun simintin Dangote da suka fara ƙona ɓuntun shinkafa da ɓawon ƙwarar manja don rage amfani da kwal. Wasu kuma, musamman na ƙasashen waje, sun ga ya fi sauƙi su biya wani ya dasa itace, a rubuta musu ladan. Ana sayar da wannan lada da awo: kowace takarda tana madadin tan ɗaya na hayaƙin kabon.

Manomi ɗan'uwa na Kwoi, Nok, Kachia da Kafanchan, hanya ta biyun nan gonarka take nema. Tun da cutar citta ta 2023 ta cinye jarin mutane, duk wanda ya zo da kuɗin hannu da dashe kyauta zai sami masu saurare. Ba mu ce a kore shi ba. Citta tana jure inuwa marar yawa, kuma ɗorawa da kaɗanya sun daɗe suna zama lafiya da amfanin gona.

Damuwarmu ita ce takardar. Irin wannan yarjejeniya takan ɗauki shekara 20 ko fiye, ke nan ɗanka ne zai gaje ta. Ka tambaya: itacen na wa ne? Idan gobarar daji ta cinye shi, wa zai ɗauki asara? Nawa ake sayar da tan ɗaya, nawa ne rabonka? Farashin nan ba ya tsayawa. Ya faɗi ƙwarai a 2023. Gonar gandu kuwa ba mutum ɗaya ke yanke mata hukunci ba, sai da sanin 'yan'uwa da mai unguwa.

Malaman gona, a karanta wa manoma takardar layi-layi cikin Hausa ko harshen Ham, a gaban ƙungiyarsu, kuma kowa ya koma gida da kwafinsa kafin ranar sa hannu.