Taya Ta Gari Ga Motocin Batsari Da Safana

Duk wanda ya san ƙasar Batsari da Safana ya san cewa kwalta ba ta kai ko'ina ba. Da zarar mota ta saki babbar hanyar da ta taso daga Katsina zuwa Batsari, ko wadda ta haɗa Dutsin-Ma da Safana, to sai burji da rairayi da kwazazzabai, har zuwa ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu. A irin waɗannan hanyoyi tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Land Cruiser da Pajero, su ne ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, su kai ma'aikatan allurar rigakafi Ruma da Runka, su fito da gero da rogo zuwa kasuwa. Waɗannan motoci sun tsufa, amma ba su gaza ba. Abin da ya fi kayar da su a yau shi ne tayar da ake ɗaura musu.

Ba shakka tsada ita ce tushen matsalar. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikko a 2008. Tun daga nan ƙasar nan ta dogara ga tayoyin waje, kuma da darajar naira ta faɗi a 2023 sai farashinsu ya ƙara hawa. Saboda haka masu motoci da yawa suka koma ga tsofaffin tayoyin da aka gama amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, ko da yake dokar Kwastan ta hana shigo da su. Wasu ma har sake yanka wa suɗaɗɗiyar taya zane ake yi da wuƙa don ta yi kama da sabuwa. To, araha dai ba ta ado, balle a hanyar da babu mai faci sai an yi tafiyar awa guda.

Tayoyin irin waɗannan motoci iri uku ne, kuma kowace akwai alamarta a jikinta. Mai alamar H/T ta kwalta ce. Tana da laushin tafiya, ba ta shan mai da yawa, amma da ta shiga laka sai zanenta ya toshe, ta yi ta juyawa wuri guda. Mai alamar M/T ta taɓo ce, mai manyan haƙora. Tana fita daga laka, amma a kan kwalta tana da ƙara, tana saurin cinyewa, kuma birki bai cika kama ta ba idan titi ya jiƙe. A rairayi kuwa haƙa take yi har mota ta zauna. Ta uku, mai alamar A/T, ita ce ta tsaka-tsaki, wadda aka yi don kwalta da burji da rairayi baki ɗaya. Motar da ke kwana a Batsari, ta je Katsina da safe, ta shiga ƙauye da yamma, wannan ta uku ita ce ta dace da ita, domin damina wata huɗu ce kawai, sauran watannin kuwa ƙura ce da tsakuwa da ƙaya.

Amma zane kaɗai bai isa ba. Wajibi ne mai saye ya duba ƙarfin ɗaukar kaya. Akwai lamba a jikin kowace taya da ke nuna haka: 112 na nufin kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400 ga taya guda. Tsohuwar mota mai nauyi wadda ake lafta wa buhuna da fasinja tana bukatar taya mai alamar LT, wato ta ƙananan motocin kaya, domin gefenta ya fi kauri, ya fi jure wa kututture da dutse. Haka kuma girman da masu ƙera motar suka rubuta, ko 7.50R16 ne, ko 235/85R16, ko 265/70R16, shi ya kamata a bi. Ɗaura taya mai girman da ya wuce kima don burgewa yana rage wa tsohon inji ƙarfi, yana ƙara shan mai, yana kuma wahalar da birki da sitiyari. Motar da har yanzu ke da tsohon wili mai zobe kuwa dole ne a sa mata tif, ko da an rubuta a jikin tayar cewa ba ta bukatarsa.

Bugu da ƙari, mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta son gauraye. Idan tayoyin gaba da na baya suka bambanta a girma, to da zarar an sa giyar ƙafa huɗu sai wasu su nemi gudu fiye da wasu, nauyin ya faɗa kan akwatin giya da ƙarafan da ke juya ƙafafu. Kuɗin da mutum ya yi tsimi wajen sayen taya ɗaya-ɗaya iri dabam-dabam, ninkinsa zai kai wa makanike. Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ta biyar ɗin da ke rataye a baya ita ma haka.

Sai kuma batun shekaru, wanda mutane da dama ba su kula da shi. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, zafin rana irin na bazarar Katsina kuwa yana gaggauta bushewarta. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2319 an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu. Iska ma a auna ta da ma'auni da safe kafin taya ta yi zafi. Rage iska yana taimakawa wajen ƙetare rairayin rafi, amma hawa kwalta da gudu ba tare da an mayar da ita ba shi ke sa taya ta yi zafi ta fashe. Ba a manta da rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016 ba, sakamakon fashewar taya. Idan haka ta faru ga motar minista a kan babban titi, ina ga motar talaka a bakin daji?

A wannan yanki lamarin ya wuce asarar kuɗi. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan da ke kusa da Rugu, har gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-ido a watan Oktoba na 2023. Motar da ta yi faci a tsakiyar daji gab da magariba ta jefa rayukan duk waɗanda ke cikinta cikin haɗari, ko motar asibiti ce, ko ta jami'an tsaro.

Saboda haka ya kamata Ƙananan Hukumomin Batsari da Safana su riƙa ware kuɗin sababbin tayoyi ga motocin asibiti da na aikin gona kafin kowace damina, a kuma rubuta lambar shekarar kowace taya a takardar saye, don kada a biya kuɗin sabuwa a kawo tsohuwa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da jami'an Kwastan su sa ido kan shagunan taya da kan iyakar Jibiya. Shugabannin ƙungiyar direbobi kuma su koya wa 'ya'yansu karanta rubutun jikin taya a tasha, cikin Hausa, su hana lodi ga duk motar da ba ta da tayar canji da jak. Mai mota shi ma ya tuna cewa rigakafi ya fi magani: gara ya ajiye motar mako biyu ya tara kuɗin taya ta gari, da ya ɗauki 'ya'yan mutane a kan wadda ta riga ta mutu.