FILIN ƘWALLO BA YA GINA UNGUWA

A duk lokacin da aka gyara filin wasa a tsakiyar gari, sai magana ta bazu a cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi cewa arziki ya zo, wai za a ga shaguna da benaye sun kewaye shi. Kafin mutum ya ci bashi ya kama shago a bakin fili, ya kamata ya zauna ya yi lissafi.

A dubi filin Nnamdi Azikiwe da ke kan titin Ogui a Inugu, gidan ƙungiyar Rangers wadda ta ci kofin Afirka a 1977. An buga wasannin matasa na duniya a cikinsa a 1999 da 2009. Gaskiya ne ran wasa mai tsire da mai shayi da mai goro sukan yi ciniki. Amma a gasar ƙungiyoyi 20, wasa 19 kaɗai kowace ƙungiya take yi a gidanta. Sauran kwanakin shekara fa? Ƙofa a rufe, kuɗin haya kuwa ba ya hutu. Salla dai bikin ɗaya rana ce.

Abin da ya gina Inugu shi ne kwal da aka gano a 1909 da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa ta da Fatakwal a 1916. Kasuwar Ogbete tana ci kullum, ko an buga ƙwallo ko ba a buga ba. Haka Anacha: benayenta na babbar kasuwa ne da gadar Kwara da aka buɗe a 1965, ba na 'yan kallo ba. Masu albasa da wake da shanu sun san haka tuntuni. A Fatakwal ma filin Elekahia, wanda aka sa wa sunan Yakubu Gowon, ya karɓi baƙi a 1999, amma tashar jiragen ruwa da man fetur su ne suka tara jama'a a Diobu.

Wanda ke shakka ya tuna da babban filin Surulere a Ikko, inda aka yi wasannin Afirka a 1973. Daga baya ya yi shekaru a yashe, unguwar kuwa ba ta fasa cika ba.

Akwai kuma wata. Ran da manyan baƙi za su zo, mai rumfa da mai tebur su ake fara tasarwa da sunan tsabta, baƙo kuwa shi ne ba shi da mai tsaya masa.

Saboda haka sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su nemi abin da ke dawwama: rumfa mai takarda a kasuwa, hanya, ruwa da tsaro. Mai tsire ya kai tukubarsa bakin fili ran wasa, amma jarinsa ya zauna inda ake ciniki kullum. In kunne ya ji, jiki ya tsira.