Ba Salula Ce Ke Cinye Ƴaƴan Waca Ba

Ra'ayin da ya samu gindin zama a gidajen rediyo da majalisun hira na ƙasar Hausa shi ne cewa wayar salula ce ta lalata tarbiyyar yara, kuma duk ƙungiyar agajin da ba ta shiga sahun masu tsine mata ba, ta ci amanar da aka damƙa mata. Wannan ra'ayi, duk da yawan masu riƙe da shi, yana ɗora wa ƙungiyoyin aikin da ba nasu ba, domin abin da ya wajaba a kansu idan guguwar fargaba ta taso, wato lokacin da labari guda ya yi ta yawo har jama'a suka ɗauke shi annoba, shi ne su nemi hujja kafin su buɗe baki.

An ga haka a Ingila cikin watan Fabrairun 2019, sa'ad da jaridu suka cika da labarin Momo, wani hoto mai ban tsoro da aka ce yana umartar yara ta waya su cutar da kansu. Ƙungiyoyin Samaritans da NSPCC suka fito fili suka ce babu tabbatacciyar shaida, kuma gargaɗin da manya ke ta turawa juna shi ne ke ƙara firgita yaran. Irin wannan magana ba ta jawo kuɗin masu ba da tallafi, shi ya sa ta yi ƙaranci, alhali taron wayar da kai, da allunansa da kuɗin zamansa, ya fi sauƙin shiga rahoto.

A Waca da sauran garuruwan Magarya da Dungas na ƙasar Nijar, abin da ke ɗauke yara sananne ne. A damunar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa kimanin yara 10 ke mutuwa kullum a sashen yara na asibitin Magarya, galibinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, wato ciwon da rashin isasshen abinci mai gina jiki ke haddasawa. Alƙaluman UNICEF kuma sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A gidaje da dama salula guda ce, tana aljihun maigida, kuma da ita ake jin labarin ɗan da ya tafi cin rani Kano. Hasali ma, shirin yaƙi da jahilci na ABC da ƙungiyar CRS ta gudanar a jihohin Doso da Damagaram daga 2009, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta nazarta, ya nuna manyan da aka koya wa aiki da salula sun fi takwarorinsu ci gaba a rubutu da lissafi.

Illar salula kam akwai ta, sai dai tana da gurbi takamaimai: rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, inda ake loda wa yaro finafinai da waƙoƙi cikin memori a kan ƴan daloli ba tare da an tambayi shekarunsa ba. Wannan magana ce ta mai gari da limami da mai rumfar, kuma zama ɗaya kan iya warware ta. Ƙungiyar da ta bar gidan sauro da abincin yara ta koma buga gangar salula, masu ba ta kuɗi take yi wa aiki, ba ƴaƴan Waca ba.