Agogon Araha da Lokacin Shan Ruwa



A duk shekara, da zarar watan Sha'aban ya raba, sai gardamar agogo ta taso a gidaje da ƙofofin masallatai. Wannan ya ce nasa ne daidai domin daga Makka ya sayo shi, wancan ya ce nasa ya fi tsada, mai agogon roba kuwa ya ja hannun riga ya rufe nasa don kunya. A wannan fitowa muna so mu tsaya wa mai agogon roba, domin bisa ga abin da maƙeran agogo da kansu suke rubutawa, sau da yawa shi ne ya fi kusa da gaskiya.

A cikin kowane agogo mai amfani da pil akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai sheƙi da ake kira kwarz, wanda idan wuta ta ratsa shi yake kaɗawa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya. Agogon yana ƙirga wannan kaɗawa ne, idan adadin ya cika ya matsa gaba da sakan guda. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a watan Disamba na 1969, a lokacin kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota. Yau ga shi a hannun ɗan makaranta. Baƙin Casio ɗin nan mai lamba F-91W, wanda ya fito tun 1989, kamfanin ya ce kuskurensa ba ya wuce sakan 30 a wata, ko na gudu ko na jinkiri. Agogon manya da ake wanawa kuwa, ko da ya ci jarrabawar hukumar tantance agogo ta ƙasar Suwis, an yarda masa ya yi jinkirin sakan 4 ko gudun sakan 6 a kowace rana, wato har minti 3 a wata. Ashe tsadar ta zinariya ce da suna da kyan aikin hannu.

Zafin ƙasarmu yana taɓa shi, amma kaɗan. An yanka dutsen ne don ya yi aiki daidai a wajen digiri 25, kuma ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru, jinkiri yake yi. A ranakun bazara da zafi ke kaiwa digiri 45, agogon da aka ajiye a ɗaki zai rasa kimanin sakan ɗaya a yini. Abin tsoro shi ne jabu, da pil da ya kusa ƙarewa, da ƙurar hunturu idan ta shiga cikin mai hannuwa: sai ya tsaya na ɗan lokaci ya ci gaba, mai shi bai sani ba.

To, in agogon yana da wannan gaskiya, daga ina saɓanin minti biyar ko goma yake fitowa tsakanin maƙwabta? Da farko daga hannunmu. Sakan 30 a wata minti 6 ne a shekara, kuma da yawanmu rabonmu da saita agogo tun ranar da aka sa masa pil. Wasu kuma da gangan suke tura shi gaba da minti 5 don kada su makara wurin aiki. Dabara ce mai kyau ga ma'aikaci, ba ta da laifi wajen sahur, amma ranar da uwargida ta dubi wannan agogo ta ce wa yara su sha ruwa, an ci kafin rana ta faɗi. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya buɗe baki yana zaton rana ta faɗi, daga baya ta tabbata ba ta faɗi ba, zai rama wannan yini. Haka wanda agogonsa ke jinkiri ya ci gaba da sahur bayan alfijir ya keto. Sallar da aka yi kafin shigar lokacinta ita ma sai an sake ta. Yinin ƙishirwa guda a bazara ya fi ƙarfin a yi asararsa a kan minti 5.

Na biyu, kuma wanda ya fi girma, shi ne jadawalin da ake liƙawa a bango. Duk Nijar agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Kowane digiri na tazara tsakanin gabas da yamma minti 4 ne. Saboda haka rana tana riga faɗuwa a Maraɗi da kimanin minti 20 kafin Yamai, a Damagaram da kusan minti 27, a Difa da fiye da minti 40. Wanda ke Damagaram ya bi jadawalin Yamai zai jinkirta shan ruwa ba dalili, ya kuma ci sahur gari na wayewa. Wanda ke Yamai ya ɗauki kalandar da ɗan uwansa ya kawo masa daga Kano, ko ya bi kiran sallar wata tashar gabas, zai sha ruwa rana na sama. Ko tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai kusan minti 8. Agogon da ya fi kowane kyau a duniya ba zai gyara wannan ba.

Zawali ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Yamai rana tana kaiwa tsaka da misalin 12:35 a farkon Nuwamba, amma a tsakiyar Fabrairu sai wajen 1:06. Mai cewa shi kullum ƙarfe ɗaya yake sallar Azahar, ya lura da wannan.

Agogunan da alhazai ke kawowa tsaraba, masu nuna lokutan salla, da irinsu na cikin wayar salula, suna da amfani matuƙa idan an gaya musu garin da ake. Da yawa ana barinsu a kan lissafin Makka, inda Isha'i ke zuwa minti 90 bayan Magariba. Akwai kuma bambancin lissafin alfijir: wani tsari yana ɗaukar digiri 18 na rana a ƙarƙashin sararin gabas, na Masar yana ɗaukar 19.5, tazarar ta kai kimanin minti 6. Wannan magana ce ta malamai da limamai na kowane gari, bai kamata maigida ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi ba.

Shawararmu ita ce, kafin a ga wata, a kai agogon gida wurin mai gyara ya duba pil. A saita shi da wayar da ke karɓar lokaci kai tsaye daga kamfanin sadarwa, ko da alamar cikar awa a rediyo, amma ba rediyon intanet ba, domin shi yana zuwa a makare. A cire minti 5 ɗin nan na wurin aiki. A nemi jadawalin garin da ake zaune daga masallacin Juma'a, ladanai kuma su daidaita agogunansu da juna a kowace Juma'a. Mutanen karkara da ke ganin faɗuwar rana da idonsu a fili, su gwada jadawalin da abin da suka gani na kwana biyu ko uku, in sun ga saɓani su sanar da liman.