A Tambayi Mai Jego Abin da Ke Zuciyarta

'Yan'uwa manoma, a Nahuce da ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe mun iya kula da jikin mai jego. Ruwan wanka, kunu, nama, har kwana 40. Amma wa ke tambayar zuciyarta?

Akwai wadda bayan suna barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, tana kuka a ɓoye, tana ganin ba ta da amfani. Sai mu ce ragwanci ne, ko iskoki, ko ƙarancin bangaskiya. Ba haka ba ne. Ciwon damuwa ne, yana kuwa da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 takan shiga irin wannan hali bayan haihuwa.

Tun 1987 likitoci a Edinbara suka tsara tambayoyi 10 don gano shi da wuri. Mu roƙi ma'aikatan asibitinmu su riƙa yi wa kowace uwa su ranar rigakafin jariri. Wadda amsarta ta nuna damuwa, a kai ta asibitin tarayya na Gusau, in ya yi tsanani, Kware. Wadda ta ambaci kashe kanta, a kai ta ranar nan.

Kuɗin mota fa? Ya fito daga asusun ƙungiya, yadda muke haɗa na taki. Zumuntar mata ta kai ziyara, miji ya ɗauke mata aikin gona. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani.

Ubangiji ya taimake mu.