Ina Namu Jarumin da Zai Dawo a Littafi na Gaba?

 

Bari in fara da wata 'yar jarrabawa. Ka tuno littattafan Hausa goma na ƙarshe da ka karanta, na takarda ko na waya, sannan ka faɗi sunan tauraron kowanne ba tare da ka leƙa ba. Na gwada wannan a zaman ƙungiyarmu na wata, babu wanda ya wuce huɗu. Ni kaina uku na iya kawowa, kuma ɗaya daga ciki littafina ne.

To ina da kawu a Kakuri, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ke da wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A cikinta akwai littattafan James Hadley Chase da bangonsu ya yi laushi saboda yawan hannu, da ragowar wasu mujallun African Film, masu ba da labari da hotuna, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Wata rana na ɗauko ɗaya na ce, “Kawu, wane labari ne a cikin wannan?” Ya ce, “Kai yaro, wa zai tuna? Amma dai Spear ne a ciki.” Daga nan ya shiga siffanta mini Lance Spearman, da malafarsa, da 'yar laƙtayensa, da yadda yake riƙe sigari, da abokin gabarsa Rabon Zollo, kamar jiya suka rabu. Shekara fiye da 50 sun wuce, labarin ya gudu, mutumin yana nan.

Abin da nake son mu tattauna ke nan. A ganina sirrin labarin bincike mai saurin tafiya ba a bindiga yake ba, ba kuma a tseren mota ba. Yana wurin mutumin da mai karatu ya san zai sake gamuwa da shi. Mu kuwa kowane littafi sai mu haifi sabon tauraro, mu yi shafi ɗari muna rainonsa, ranar da masu karatu suka fara sabawa da shi sai mu ɗaura masa aure mu rubuta “Tammat”. Littafi na gaba kuma mu koma tara jama'a daga farko.

Me ya sa mutane suke manne wa irin wannan jarumi? Da farko akwai sabo. Duk wanda ke da mai shayinsa ya san abin da nake nufi. Ba don babu wani mai shayi a unguwa kake komawa ba, sai don ka san hannunsa, shi ma ya san yawan sukarinka. Haka mai karatu yake ji idan ya buɗe littafi ya tarar da wanda ya sani: ya san tsiyarsa, ya san abin da ke fusata shi, ya san kalmar da yake yawan faɗa idan ya gano an yi masa ƙarya.

Saurin da ake yabo ma daga nan yake fitowa. Tunda an riga an san jarumin, babu buƙatar shafi goma na “wane ne wane”, da asalin kakansa, da launin idonsa. Shafin farko an tsinci gawa, ko an wayi gari shago a buɗe kuma kwado bai karye ba. Shafi na biyu an buga masa waya. Shi ke nan, tafiya ta miƙa.

Amma babban dalilin a wurina shi ne alkawari. A rayuwarmu ta yau da kullum magana ba ta cika kaiwa ƙarshe ba. An sace maka waya, ka yi cigiya, ka gaji, aka ce ka bar wa Allah. An cinye gadon marayu, an yi zama uku, maganar ta bi ruwa. Labarin bincike yana yi wa mai karatu alkawarin cewa a nan dai akwai wanda ba zai gaji da tambaya ba har sai gaskiya ta fito. Idan jarumin ya cika alkawarin sau ɗaya, za a nemi littafinsa na biyu ko ba a san jigonsa ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Da ya gaji da shi sai ya kashe shi a wani labari a 1893, masu karatu suka ƙi haƙura, har dai ya dawo da shi. A ƙarshe littattafai 4 da gajerun labarai 56 ya rubuta a kansa. Idan wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, to ya dubi Ibn-e-Safi, wanda ya yi rubutu da harshen Urdu. Ya fara jerin Jasoosi Dunya a 1952, ya ƙara da jerin Imran a 1955 bayan ya koma Pakistan, kuma har yau ana sake buga su. A Mali, Moussa Konaté ya gina Kwamishina Habib. A nan gida Leye Adenle ya fito da Amaka, lauya a Legas, a Easy Motion Tourist a 2016, ya sake dawo da ita a 2018.

Mu ma ba baƙin wannan fage ba ne. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Daga baya irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin da zai hana mutum barci. Son tauraro mai dawowa kuwa tun daga tatsuniya muka gaje shi. Gizo ya yi shekaru nawa yana dawowa? A nan Kaduna, marigayi Usman Baba Pategi ya daɗe yana fitowa a Samanja, har sunan wasan ya danne nasa na yanka. Muna da labarin laifi, muna da tauraro mai dawowa. Haɗa su wuri ɗaya ne ya yi mana ƙaranci, musamman idan aka kwatanta da tarin littattafan soyayya da muke saki kullum.

Sai dai akwai ramin da nake ganin masu gwadawa suna faɗawa. Da zarar an ce labarin bincike, sai a ɗauko wani matashi mai kwat, ɗan attajiri, ya yi karatu a Landan, yana da jirgi mai saukar ungulu da kwamfutar da ke gano ɓarawo cikin minti ɗaya. Wannan fim ne muka kalla muka sa masa sunan Hausa. Chase ɗin da iyayenmu suka so, Bature ne ɗan Ingila, kuma littafinsa na farko na 1939 ya kafa shi ne a Amurka da taimakon taswira da ƙamusun karin maganar Amurkawa. Shi ya yi aro don bai san wurin ba. Mu me zai sa mu yi aron aro, alhali ga unguwarmu?

Ku zo mu tsallaka kogi mu dubi kudancin Kaduna. Ga Kakuri da Makera, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Mutane suka taho daga ko'ina suka cika unguwannin. Yau galibin masaƙun sun yi shiru, ga manyan gine-gine ciyawa ta cinye, ga tsofaffin ma'aikata da kowanne ke da labari a bakinsa. Ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ga kasuwar Litinin ta Kakuri, ga garejin Television, ga Barnawa da gidajen masu hali, ga Narayi da Sabon Tasha da Gonin Gora inda gari ke ta faɗaɗa, filaye suna ta canza hannu. Wane Landan kake nema?

Laifukan ma ba sai an ƙirƙiro mai shirin tarwatsa duniya ba. Fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa mai hatimi. Tsohon da ya rasu amma wani yana ta karɓar haƙƙinsa. Ɗan keke da ya fita da asuba, aka tsinci keken a kulle, shi babu labari. Injinan da ke ɓacewa daga masana'antar da ke da masu gadi dare da rana. Duk wanda ya karanta zai ce ai na san wanda aka yi wa haka.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Duk ɗan Kaduna ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka bar mana: da yawan Musulmi sun koma arewacin kogi, da yawan Kirista sun koma kudu. Mu da muka tashi bayan nan, wasunmu ba su taɓa zama a tsakar gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Shi kuwa mai bincike aikinsa ne ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Da safe yana Tudun Wada wurin liman, da azahar ya haye gada yana Sabon Tasha wurin matar fasto, kuma ba wa'azin haɗin kai ya kai shi ba, amsar tambaya yake nema. Mai karatu zai bi shi ya shiga gidajen da bai taɓa shiga ba, ya tarar mai gaskiya da maƙaryaci duk akwai su a kowane ɓangare. Ban san wani nau'in labari da ke yin wannan aikin cikin sauƙi kamar wannan ba.

Na san za a yi mini gardama, kuma wasu hujjojin suna da ƙarfi. Wani zai ce ai maimaici ne, kullum laifi, bincike, kamu. Haka ne. Amma labarin soyayya ma haɗuwa ce, matsala, aure, kuma ba mu daina karantawa ba. Tuwon ɗaya ne, miyar ake sauyawa. Inda maganar ta zama gaskiya shi ne idan marubuci ya yi lalaci, ya bar jarumin ya zama gunki wanda komai ba ya taɓa shi. Maganin haka shi ne kowane bincike ya bar masa tabo: ya rasa aboki, ya yi kuskuren da ya jefa wani cikin wahala, ya shiga littafi na gaba da abin a ransa.

Wani zai ce mutanenmu ba su cika yarda da ɗan sanda ba, ta yaya za su so shi a littafi? Wa ya ce dole ɗan sanda ne? Holmes ba ɗan sanda ba ne, Amaka ma haka. Naka yana iya zama tsohon mai rubuta sunayen ma'aikata a ƙofar masaƙa, wanda ya san rabin gari da iyayensu, yana jin Hausa da Gbagyi da Turancin kasuwa. Tana iya zama 'yar jarida, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai shagon POS da kuɗin unguwa ke bi ta hannunta. Idan kuma ɗan sandan ne, to wahalar da mai gaskiya ke sha a cikin kaki ita kanta labari ce.

Wani kuma zai ce ana koya wa yara laifi. Amsata ita ce a duba inda hasken labarin yake. Idan dabarar ɓarawo kake bayani dalla-dalla, ka kauce. Idan hawayen wanda aka zalunta da ƙoƙarin gano gaskiya ka sa a gaba, to darasin ya fi na wanda aka liƙa a shafin ƙarshe.

Ga mai son gwadawa, ga abin da nake bi. Safiyo na karanta a Kaduna Poly, reshen Barnawa, kuma abin farko da aka koya mana shi ne ba a awo sai daga wurin da ba ya motsi. Jaruminka shi ne wannan turken. Ka samo littafin rubutu na musamman ka rubuta shekarunsa, unguwarsa, abin hawansa, abin da yake tsoro, wanda yake bin sa bashi, da abu ɗaya da ba zai taɓa yi ba ko za a kashe shi. Kada littafi na uku ya ƙaryata na ɗaya, domin masu karatu ba sa mantawa.

Ka san mai laifi da dalilinsa kafin ka rubuta layin farko. Ka ajiye alamomin a fili inda mai karatu zai gani amma ya wuce su, yadda a ƙarshe zai dafa kai ya ce ashe. Kada mafarki ko aljani ko sa'a su warware maka ƙulli, hankalin jarumin ne hajarka. Ka gajarta babi, kowanne ya ƙare da tambayar da za ta sa a nemi na gaba. Sannan ka yi bincike kafin ka rubuta bincike. Ka je kotun majistare ka zauna ka saurara, ai a buɗe take. Ka san cewa sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40. Wannan kaɗai agogo ne da zai sa labarinka gudu.

Kada kuma ka saki labari na farko sai ka tsara na biyu da na uku ko da a taƙaice ne. Idan jarumin bai iya ɗaukar uku ba, ba shi ba ne.

Ni dai na fara nawa, kuma a Kakuri yake zaune. Na karanta wa Kawu babin farko, ya yi shiru, sannan ya ce, “To shi wannan mutumin naka, yaushe zai sake fitowa?”

Saura ku. Wane ne naku, wace unguwa yake, kuma wace sana'a yake yi? Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.